Tambaya da Amsa: Kwamfuta za ta iya karanta ajamin kakana?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar kwamfuta da binciken tarihi da adabi da tsofaffin takardu, sai na ga gara in haɗa su wuri guda. Wasu tambayoyin na rage masu tsawo, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina digiri na biyu a fannin tarihi, sufabaizana ya ce yanzu duniya ta ci gaba in shigo da kwamfuta cikin bincikena. To ni dai abin da na sani shi ne buga furojet da neman abu a Google. Me kuma ake nufi bayan wannan? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Abin da malaminka yake nufi shi ne ka sa na'ura ta yi maka aikin da ido da hannu ba za su iya gamawa ba ko da ka shekara goma a laburare, irin su ƙirga kalma a shafi dubu hamsin, ko jera sunayen garuruwa a kan taswira, ko gano wa ya rubuta wa wa wasiƙa a cikin tarin wasiƙu. Kuma abin ba sabo ba ne kamar yadda ake zuzuta shi. A 1949 wani limamin Katolika ɗan Italiya mai suna Roberto Busa ya je wajen shugaban kamfanin na'urorin lissafi na IBM ya roƙi a taimaka masa ya jera duk kalmomin da ke cikin rubuce-rubucen Thomas Aquinas, wani babban malamin Kirista na da, kalmomi wajen miliyan 11 na Latin, ta yadda kowace kalma za ka san duk inda ta fito. Lokacin da kati mai huji-huji ake ba na'ura bayani, mutane ne suka zauna shekara da shekaru suna buga katin nan ɗaya bayan ɗaya, aikin bai kammala fitowa ba sai 1980, mujalladi 56. Ka lura da wannan da kyau don zan yi ta komawa kansa a sauran amsoshin, na'urar ba ta karanta komai da kanta ba, sai da aka samu masu zama su buga mata.

Misalin da ya fi kusa da fanninka shi ne rumbun SlaveVoyages, inda masana tarihi suka tattara bayanan tafiye-tafiyen jiragen ruwan bayi wajen 36,000 da suka tsallaka tekun Atilantika, ya fara fita a faifan CD a 1999 sannan ya hau intanet a 2008, kuma kyauta ne kowa zai iya shiga. Daga nan ne aka samu ƙiyasin cewa mutum miliyan 12.5 aka loda a jiragen, kimanin miliyan 10.7 suka isa da rai. Ka shiga ka tace, ka ce a nuna maka jiragen da suka tashi daga Ikko ko Wida ta ƙasar Benin ta yau zuwa Bahiya ta Burazil a farkon ƙarni na 19, cikin minti guda ka ga abin da a da sai ka je ma'ajiyar takardu ta ƙasa uku ko huɗu. Mun kuma san akwai Hausawa a cikin waɗanda aka kai Bahiya, su ne ma suka shirya yunƙurin tawayen 1807. Amma ka nemi garin da aka kamo mutum a rumbun nan, da wuya ka samu, saboda 'yan kasuwar da suka rubuta takardun tashar jirgi da adadin kawuna ne suka dame su, Katsina ko Zamfara duk ɗaya ne a wajensu. Rumbu abin da masu rubutun farko suka ga damar rubutawa kaɗai ya sani.

Don haka shawarata kar ka fara da neman manhaja. Fara da tambayarka, in tambayar tana buƙatar ƙirga ko kwatanta abu mai yawa, to. Misali in kana aiki kan rahotannin haraji na zamanin Turawa da ke ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, Excel kaɗai ya ishe ka, shekara a layi ɗaya, gunduma a layi ɗaya, adadi a layi ɗaya, da lambar fayil ɗin da ka ciro don gobe in an ce ina hujja ka nuna. In kuwa tambayarka kan wasiƙu goma sha biyu ce, zauna ka karanta su kawai, ba sai ka wahalar da kanka don a ce ka waye ba.

TAMBAYA: Allah gafarta malam, kakanmu malami ne ya rasu ya bar gafaka wajen takwas cike da takardu, Larabci da ajami, suna cikin adaka a ɗakin da yake yoyo, gara ta fara taɓa wasu. Ina so in ɗauke su a waya amma baffanninmu sun ce wai Turawa ne za su sace ilmin. Ya zan yi? Daga wani bawan Allah a Damagaram.

AMSA: Allah ya jiƙan malam ya sa ilminsa ya cece shi. Kafin maganar waya ma, yau ɗin nan ka fitar da adakar daga ɗakin da ke yoyo, ka ɗora ta kan wani abu ta bar ƙasa, kar ka zuba takardun a leda ka ɗaure don gumi zai kama su su yi fumfuna, kar ka liƙa salatif a inda ya yage, kuma don girman Allah kar wani mai shagon kwamfuta ya ce maka a yi masu laminatin. Wannan zafi da roba kashe takarda suke yi, ba a kuma iya cire su daga baya.

Yanzu hoto. Littattafanmu na da yawancinsu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a jere, kuma da yawa ba lambar shafi, abin da ke riƙe jerin shi ne 'yar kalmar nan da mai kwafa yake sawa a ƙasan shafi wadda ita ce farkon shafi na gaba. Saboda haka babbar ɓarnar da za ka iya yi ita ce ka barbaza su a tabarma yara suna miƙo maka. Gafaka ɗaya za ka buɗe, ka ɗauki warƙa ɗaya, gaba da baya, ka kife ta gefe, ka ɗauki ta gaba, yadda ka same su haka za ka mayar ko da kana ganin jerin ya rikice, gyaran jeri a kwamfuta ake yi ba a takarda ba. Ka shimfiɗa baƙin ƙyalle ko ruwan toka, ka zauna a inuwa mai haske kamar bakin zaure da hantsi, ka kashe filashin waya, wayar ta tsaya sambal a sama ba a karkace ba, in da hali ka samu abin da zai riƙe ta don hannu yana rawa. Sa rula a gefe don a san girman takardar. Ka ɗauki shafin gaba ɗaya har da gefunansa, domin sau da yawa abin da mai bincike zai fi murna da shi yana gefe ne, inda malam ya rubuta ranar haihuwar ɗansa ko wanda ya ara masa littafin ko shekarar da aka yi fari. Shafin ƙarshe kuwa ɗauke shi sau biyu, nan ne mai kwafa kan sa sunansa da na malaminsa da ranar da ya gama.

Ga wani abu da mutane ba su cika sani ba. Ɗaga warƙa guda ka haska ta da rana ko tocila ta baya, sau da yawa za ka ga tambari a cikin jikin takardar, wanda ya fi yawa a ƙasashenmu shi ne jinjirin wata guda uku a jere, takarda ce da ake yi a arewacin Italiya tana biyo ayari ta Tarabulus da Masar. Masana suna amfani da tambarin nan wajen kintatar zamanin da aka yi kwafin, to shi ma ɗauki hotonsa, ko da warƙa ɗaya ce a kowane littafi.

Sai suna. Hoton da ke zaune a waya da lambar da kyamara ta ba shi, bayan wata shida kai kanka ba za ka san na wace gafaka ba ne. Kowace gafaka folda, kowane littafi folda a cikinta, shafuka 001, 002 haka har ƙarshe, sannan ka riƙe rajista ko a littafin makaranta ne, sunan littafin in an sani, harshe, yawan warƙa, layin farko. Akwai manhaja kyauta mai suna Tropy da aka yi ta musamman don irin wannan. Kar ka tura wa kowa ta WhatsApp a matsayin hoto don matse shi take yi har ɗigon haruffa ya ɓace, da waya ta kebul za ka juye a kwamfuta. Kwafi uku a wuri uku, ɗaya ba a gidan ba. Kar ka ce ai yana intanet shi ke nan, babban laburaren Birtaniya ma masu kutse sun afka masa a Oktoban 2023 aka yi watanni ba a iya shiga abubuwa da yawa nasa.

Maganar baffanni kuma, ni ban ga laifinsu ba, an sha karɓar takardun mutane da sunan aro ba su dawo ba. Amma ka nuna masu cewa hoto ba ya raba su da takardar, gara ce take rabawa. Ka ba su labarin Tumbuktu, yadda a 2012 da 'yan bindiga suka kama garin iyalai suka riƙa fitar da takardunsu a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, a mota da kwalekwale zuwa Bamako, ƙarƙashin jagorancin Abdel Kader Haidara, dubu ɗaruruwa, sannan a Janairun 2013 aka ƙona wajen 4,000 a cibiyar Ahmad Baba. Bayan haka ne aka duƙufa ɗaukar hotonsu tare da wani laburare na Minnesota a Amurka. Kuma ba dole ne ka sa komai a intanet ba. Takardun asiri da laƙani da na gadon gona da wasiƙun cikin gida, iyali ne za su zauna su ce wannan a fitar wannan a bari, kuma duk wanda ya zo da sunan jami'a ko ƙungiya a yi yarjejeniya a rubuce, asalin takarda tana gida, ku ma a ba ku cikakken kwafi. Shirin ceto takardu na laburaren Birtaniya da aka fara a 2004 ƙa'idarsa ke nan ma, asali ba ya barin ƙasar da aka same shi. Tunda kana Nijar, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a jami'ar Yamai su ne na kusa da kai, na Najeriya kuma akwai Arewa House a Kaduna da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato.

TAMBAYA: Malam na ga waya tana ɗaukar hoton rubutun Turanci ta mayar da shi rubutu nan take. Na gwada da wata waƙar ajami sai shirme ya fito. Laifin wayata ne? Daga wani almajiri a Kano.

AMSA: Wayarka lafiyarta ƙalau malam, ba a koya mata ba ne. Waɗannan manhajojin da misali suke koyo, an nuna masu miliyoyin shafuka na Turanci da Larabcin bugu irin na Masar da Bairut tare da amsar kowane layi. Rubutunmu kuwa na allo ne, dangin na Magariba, kai ka sani fa'un ɗinmu ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali a bugun gabas ɗigo ɗaya a sama fa'un ne. To ka ga tun daga nan duk ƙaf ɗinka ta zama fa a wajenta. Ga ɗigon imala na Warshu da muke sawa a ƙasa don wasalin e, ga sautukan da Larabci ba shi da su irin tsa da ɓa da ca waɗanda kowane yanki da yadda malamansa suka saba rubuta su, na Sakkwato daban na Kano daban, wani lokacin ma mutum ɗaya ya rubuta kalma iri biyu a shafi guda. Ƙara da jan tawada, da sharhi da ke hawa gefe a karkace yana juyawa ƙasa, da inda gara ta ci rabin layi.

Amma ana iya koya mata, kuma hanyar a buɗe take. Akwai Transkribus da ta samo asali daga jami'ar Innsbruck a Ostiriya, akwai eScriptorium da aka gina a Faris wadda kyauta ce kuma tun farko an yi ta da tunanin rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu. Yadda abin yake, ka loda hotunan, manhajar ta ja layi ƙarƙashin kowane sadari ka gyara inda ta kauce, sannan kai da hannunka ka buga abin da ke kowane layi daidai yadda yake, har kuskuren mai kwafa kar ka gyara masa. Masu Transkribus suna ba da shawarar kalmomi 5,000 zuwa 15,000 kafin a fara horar da ita a kan hannu ɗaya, wato shafi 25 zuwa 75 ke nan. Bayan nan sai ta gwada sauran shafukan, ka bi ka gyara, ka sake ba ta, a hankali kuskuren yana raguwa. In littafin shafi 600 ne da hannun mutum ɗaya, riba ce babba. In waƙa ce mai warƙa takwas, kafin ka gama koya mata ai ka riga ka gama aikin.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne hotuna sun fara yawa, jami'ar Boston ƙarƙashin Farfesa Fallou Ngom ta sa dubban shafukan ajami a intanet har da na Hausa, masanin tarihi Charles Stewart ya fara rumbun sunayen rubuce-rubucen Afirka ta Yamma tun shekarun 1980, amma shafukan da aka zauna aka buga layi-layi su ne ƙalilan, kuma masu iya wannan aikin ba a sashen kwamfuta suke ba, suna tsangaya da zaurukan karatu, irinku. Duk shirin da ya zo da kyamara mai tsada bai ware kuɗin biyan alaramma ya zauna ya karanta ba, ni a wajena rabin aiki ya zo yi.

Bari in ƙara maka da wani tarko, ramzi. Mawaƙanmu kan rufe waƙa da kalmar da haruffanta ke ba da shekara, kuma lissafin Magariba suke bi, inda shinun take 1000. A lissafin gabas shinun 300 ce. Ɗauki shinun da ra da fa, a namu 1000 da 200 da 80, ya ba ka 1280 Hijira, wajen 1863 zuwa 1864 ke nan. Ka zuba haruffan nan a irin shafukan lissafin abjadi da ke intanet masu bin tsarin gabas su ba ka 580, ka tashi ka mayar da waƙar baya da shekara 700 kana murna ka yi gano.

TAMBAYA: Ina koyar da Hausa a kwalejin ilimi, ina son in bincika yadda ake maganar mata a tsofaffin jaridun Hausa. An ce akwai manhajar da ke ƙirga kalmomi. Wacce ce kuma tana jin Hausa? Daga wata malama a Katsina.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, wannan bincike ne mai kyau. AntConc ita ce zan ce ki fara da ita, kyauta ce, ba ta da nauyi, ba ta buƙatar data bayan kin sauke, wani malami ne a jami'ar Waseda ta Japan ya yi ta. Akwai kuma Voyant da ke aiki a intanet. Ba sa jin Hausa kuma ba sa buƙatar ji, su duk abin da ke tsakanin fili da fili kalma ce. Kin rubuta kalma sai ta jero miki duk inda ta fito da 'yan kalmomin da ke gabanta da bayanta, layi bisa layi, a nan ne za ki fara ganin abin da ido ba ya kamawa, misali waɗanne aikatau ne suka fi bin "matan aure" a shekarun 1940 kuma waɗanne ne a shekarun 1980.

Wahalar tana gaban wannan. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 a Zariya da Abubakar Imam a matsayin edita, to ko kin samu hotunan shafukan, hoto ne ba rubutu ba, sai an bi ta manhajar da ke mayar da hoto rubutu, ita kuma tana yawan cinye ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ga tsohuwar takarda da tawadar da ta dushe, ga layukan jarida da take haɗe na hagu da na dama. Sannan ƙa'idar rubutu ta sha canzawa, wani ya rubuta "ya na" wani "yana", wani ya sa alamar ɗauri gaban harafi maimakon ƙugiya, na Nijar kuma suna da ƴ inda mu muke sa 'y. In ba ki daidaita waɗannan ba lissafinki zai fito tsaf da jadawali mai kyau amma ƙarya ne. Kwamfuta injin markaɗe ce, in kin zuba da tsakuwa da tsakuwar za ta markaɗa. Kuma tunda ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali, "mata" na jam'in mace da "mata" na "ya ce mata" duk abu ɗaya ne a wajenta, sai kin bi layukan da ido kin ware.

Ni da ni ce ke ba zan ce duk jaridar ba. Zan zaɓi fitowar wata ɗaya a kowace shekara biyar, in gyara rubutun da hannu ni da ɗalibaina, in ajiye kwafi biyu, ɗaya yadda aka buga shi tun asali ɗaya wanda aka daidaita, in kuma rubuta duk canjin da na yi. Ki tuna kuma masu rubutu a jaridar nan a farko yawancinsu maza ne 'yan boko ma'aikatan En'e da malaman makaranta, abin da za ki samu shi ne yadda su suke maganar mata.

TAMBAYA: Akwai wata tsohuwar waƙar wa'azi da ake jayayya a kan mai ita, wasu sun ce ta wani malami ce wasu sun ce ta ɗansa. Kwamfuta za ta iya raba gardama? Daga wani mai nazari a Sakkwato.

AMSA: An taɓa raba irin wannan, amma ka ji sharuɗɗan. A Amurka akwai maƙaloli 85 da aka rubuta don goyon bayan tsarin mulkinsu, 12 daga ciki ana jayayya ko na Hamilton ne ko na Madison, biyu daga cikin jagororin kafa ƙasar. A 1964 masana lissafi biyu, Mosteller da Wallace, suka ƙirga ƙananan kalmomin da marubuci ba ya ma sanin yana maimaita su, suka ce na Madison ne, kuma yawancin masana tarihi sun yarda. A Hausa irin su "dai" da "kuwa" da "fa" da "kuma" ke nan. Sai dai su suna da dogayen rubuce-rubuce na zube da aka tabbatar na kowanne ne, an kuma buga su tun marubutan na raye.

Kai kuma waƙa ce a hannunka, wataƙila baiti sittin, kari da amsa-amo suna tilasta wa mawaƙi ya sa "fa" ko "dai" don layi ya cika, ba don halinsa ba ne. Ta bi hannun masu kwafa shekara ɗari da wani abu, wasu daga ka suka rubuta ta bayan sun ji a bakin makafi masu bara, Bakano ya kwafa ya mayar da Sakkwatancin Kananci bai ma lura ba. Sannan a gidan Shehu Ɗanfodiyo kansa an san wasu waƙoƙin da Fulatanci aka fara yin su, Nana Asma'u ko Isa ɗan Shehu suka mayar Hausa, wani kuma ya zo ya yi tahamisi ya ƙara layi uku a kan kowane biyu. To salon wa na'urar za ta kama? Uba da ɗa kuma makaranta ɗaya, littattafai ɗaya.

Inda za ta yi maka amfani sosai shi ne jera kwafe-kwafe. Tara duk kwafin waƙar da za ka iya samu, buga kowanne, sa su gefe da gefe baiti-baiti, sai ka ga waɗanne ne suka yi tarayya a kuskure ɗaya, alamar daga uwa ɗaya aka kwafo su. Akwai kuma aikin KITAB na jami'ar Aga Khan a Landan da ke bin rumbun littattafan Larabci mai kalmomi sama da biliyan ɗaya yana gano inda wani malami ya ɗauko daga wani, ranar da aka buga littattafan malamanmu na Larabci da yawa a kwamfuta irin wannan zai nuna mana abin da suke karantawa. Amma kan waƙarka, in wani ya ce maka kwamfuta ta tabbatar kashi 90 cikin ɗari, tambaye shi baiti nawa ya ba ta.

TAMBAYA: Na tambayi ChatGPT tarihin garinmu ya ba ni har da sunayen littattafai, amma na je laburare ba a samu ko ɗaya ba. Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Da wuya a same su ƙanena, alamu sun nuna babu su. Irin wannan manhajar tana haɗa kalmomin da suka saba zuwa tare ne, in ba ta da abin faɗa kan ƙaramin gari sai ta ƙera suna mai kama da na gaske har da shekara da lambar shafi. Yi amfani da ita wajen gyaran jimla ko ta koya maka yadda ake tace jadawali a Excel, wannan ta iya. Amma duk littafin da ba ka riƙe da hannunka ko ka buɗe shi a allo ka ga shafin ba, kar ya shiga aikinka, malamai sun fara ganewa kuma sunanka ne a bangon ba nata ba. Tarihin garinku yana wajen dattawa da limamai da makaɗan fada, ɗauki waya da caji ka je.

TAMBAYA: Mahaifiyata tana da kaset-kaset na waƙoƙin daka da na biki da aka ɗauka a ƙauyenmu tun shekarun 1980. Ya zan mayar da su waya? Daga wata 'yar'uwa a Kumasi.

AMSA: Ki yi sauri 'yar'uwa, zaren kaset yana lalacewa kuma rediyoyin da ke juya shi suna ƙarewa. Ki samu rediyo mai lafiya, a goge kanta, a fara gwada ta da kaset ɗin da ba ki damu da shi ba don kar ta cinye mai muhimmanci. A haɗa ta da kwamfuta da kebul ta ramin abin sauraro, kar a kara waya a bakin lasifika, a ɗauka da Audacity, kyauta ce, a ajiye a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, daga baya a yi MP3 don rabawa 'yan'uwa. Ki ɗauki hoton kowane kaset da abin da aka rubuta a jikinsa. In kina son rubuta baitukan daidai da sautin akwai ELAN, ita masu nazarin harshe suke amfani da ita. Sannan ki zaunar da Hajiya ki kunna mata ɗaya bayan ɗaya kina ɗaukar muryarta, ta faɗa miki wace ce ke bayarwa, su wa ke amshi, bikin wa ake yi, wa ake wa habaici a wane baiti, kuma ki tambaye ta waɗanda ba ta yarda a sa a Facebook ba.